Tarihin Maganin Amosani

Jama'a, yau za mu yi magana a kan amosani, watau farin garin nan mai ƙaiƙayi da ke zubowa daga kai. Tun kaka da kakanni ake neman maganinsa. Waɗansu su wanke kai da ganyen magarya ko sabulun salo, waɗansu su shafa lalle, mata kuwa su sa man shanu ko man kaɗe in za a yi kitso. Darbejiya ita ce baƙuwa a cikinsu, gama daga Indiya aka kawo ta, sai wajen 1928 aka fara dasa ta a Barno.

A 1874 wani likita Bafaranshe, sunansa Malassez, ya duba amosani da madubin likita, ya ga wani tsiro ɗan mitsitsi, dangin funfuna. Kowane baligi yana da shi a ka, abincinsa kuwa maiƙon fata ne. In fatar mutum ba ta jure shi ba, sai ta riƙa saɓa, ta zama gari. Likitoci suka daɗe suna gardama a kan wannan, har wajen 1984, sa'ad da aka nuna cewa ketoconazole, maganin da ke kashe tsiron, yana kawar da amosani.

To, yaya ake tabbatar da maganin itace? A 2002 a Ostareliya aka raba mutum 126 gida biyu. Aka ba gida ɗaya sabulun ruwa mai man wani itacen ƙasarsu, tea tree, ɗaya gidan kuwa sabulu marar magani. Bayan mako 4, amosanin na farko ya ragu da kashi 41 cikin 100, na biyu da kashi 11. Ku lura, wanki kaɗai ma yana rage shi, don haka ne kowane ganye yakan yi kamar ya ci.

Darbejiya da lalle suna hana waɗansu funfuna girma a ɗakin bincike, amma ba a yi musu irin wannan babban gwaji a kan mutane ba tukuna. Mai kuwa kwantar da garin yake yi kawai. Da man zaitun ma masu bincike ke kiwon tsiron nan.

Saboda haka ku wanke kai da sabulu sau biyu a mako, ku rage mai, kada kuma ku sa kanwa ko lemun tsami inda aka sosa. In kun ga kan yaro ya yi tabo zagayayye, gashi yana kakkaryewa, wannan makero ne, aska ɗaya tana iya yaɗa shi. Ganye ba ya isa saiwar gashi, in aka yi jinkiri wurin yakan rasa gashi har abada. Tun 1958 akwai ƙwayar shansa, griseofulvin. Ku kawo shi ɗakin shan magani da wuri.

Allah Ya ba mu lafiya.