Kuɗin Gwamnati a Hannun Al'umma: Nazari kan Asusun Lafiya na Matakin Farko a Mazaɓar Bahindi, Jihar Kebbi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar da tallafin gwamnati ke bi kafin ya isa hannun al'umma a karkarar kan iyaka, ta ɗauki mazaɓar Bahindi/Boki-Doma ta Ƙaramar Hukumar Bagudo a matsayin misali. An dogara da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, da ƙa'idojin asusun da ta kafa, da alƙaluman binciken ƙasa na 2018 da 2021. An gano cewa tsarin ya ba kwamitin mazaɓa ikon sa hannu a kan kuɗi, amma bai ware masa komai na kansa ba, kuma rabon bai kula da nisa ko wahalar hanya ba.

Gabatarwa

Binciken lafiya da yawan jama'a na 2018 ya nuna cewa a cikin yara 1,000 da aka haifa a Jihar Kebbi, 252 ba sa kai shekara biyar. A lokacin babu jihar da ta kai ta. A 2021 kuma, binciken zazzaɓin cizon sauro ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar, alhali matsakaicin ƙasa kashi 22 ne, na Legas ƙasa da kashi 3. Shi ya sa da aka tashi fara allurar rigakafin wannan cuta a Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka soma.

Sai dai alƙaluman jiha kan ɓoye bambancin da ke cikinta. Mai ciki a Birnin Kebbi da mai ciki a wani tungan Bagudo duk 'yan Kebbi ne a takarda, amma idan naƙuda ta zo da gardama cikin dare, tafiyarsu ba ɗaya ba ce. Bagudo na da mazaɓu 11 daga cikin 225 na jihar. Kogin Neja ya ratsa ta, ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin, inda hanyar Tsamiya ke fita zuwa Segbana. Manoma da masunta da makiyaya ne mafi yawan mazaunanta, ana kuma jin Hausa da Fulatanci da Dandanci da wasu harsunan a kasuwa guda.

Yadda kuɗin ke gangarowa

Sashe na 11 na dokar 2014 ne ya kafa asusun da ake kira BHCPF, ya wajabta a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Bisa dokar, rabin kuɗin na bi ta hukumar inshorar lafiya don biya wa masu ƙaramin ƙarfi, kashi 45 na bi ta hukumar lafiya a matakin farko don magani da gyaran asibiti da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa ne. Dokar ta kwana a aljihun tebur har 2018, lokacin da aka fara saka naira biliyan 55.1 a kasafin kuɗi.

Manufar ita ce a sami asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa, kuɗin ya shiga asusun bankinsa kai tsaye. A nan al'umma ke shigowa. Kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda ya ƙunshi wakilan ƙauyuka da sarakuna da malamai da mata, shi ne ke zama da shugaban asibitin a tsara abin da za a saya, kuma shugaban kwamitin na cikin masu sa hannu kafin a fitar da ko sisi. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne ga wanda ya san yadda kuɗin asibitocin karkara ya saba maƙalewa a sakatariya.

Tunanin kansa ba sabo ba ne. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa a damƙa wa al'umma kula da kuɗin magani a asibitocinsu, kuma Benin na cikin ƙasashen da suka fi riƙe wannan tsari da kwamitocin gudanarwa. Ke nan mutanen gaɓoɓin iyakar nan biyu, waɗanda ke auratayya da cin kasuwa tare, sun gaji tsari mai tushe ɗaya.

Inda gizo ke saƙar

An daɗe ana ba kowane asibiti kimanin naira 300,000 a wata uku, wato kusan 100,000 a wata, ko yana tsakiyar birni ko yana bakin kogi. Daidai-wa-daida ne a ido. Amma buhun magani ɗaya, kafin ya iso Bahindi, ya ci kuɗin mota fiye da wanda aka sauke a Birnin Kebbi, kuma ma'aikacin da zai kai rigakafi ruga ko tunga sai ya sha man babur, wani lokacin ya biya fito. Bayan janye tallafin man fetur a Mayu 2023 da faɗuwar naira, ƙarfin wannan kuɗi ya zube. Daga baya an sanar da ƙara shi zuwa tsakanin naira 600,000 da 800,000 a wata uku, gwargwadon yawan masu zuwa asibitin. Ƙarin ya dace, ma'aunin ne ke da matsala: asibitin da nisa ya hana mutane zuwa shi ne zai nuna ƙarancin majinyata, don haka shi zai karɓi kaso mafi ƙanƙanta.

Matsala ta biyu ta fi wannan zurfi. Kuɗin na asibiti ne, ba na kwamiti ba. Ayyukan da ke rage giɓin lafiya a irin wannan wuri kuwa yawanci a wajen katangar asibiti ake yin su: shawo kan maigida ya bar matarsa ta je awo, sanar da arɗo ranar rigakafi kafin garke ya tashi, haɗa ungozomar gargajiya da ta asibiti, tanadar abin hawa ga mai naƙuda. 'Yan kwamiti ke yin waɗannan don Allah, daga aljihunsu. Wanda kuwa ke aiki da aljihunsa dole ya zama mai hali, mai zama kusa da gari, don haka kujerun kan koma hannun mutanen cikin gari, mutanen gefe su zama 'yan kallo. (Ko zaman taro ma kuɗi ne ga wanda zai bar gonarsa wuni guda.) Ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a Kebbi har da Bagudo, ta nuna yadda damina ɗaya ke iya raba ƙauye da asibitinsa na tsawon makonni.

Akwai kuma batun iyaka. Ana tsara kuɗi da magani bisa ƙiyasin mazauna mazaɓa, alhali majinyaci ba ya duba tuta, asibitin da ya fi kusa yake nufa. Rufe iyakokin Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya dakatar da manyan motoci, amma zumunci bai tsaya ba, sauro ma haka.

Kammalawa

Gyaran da wannan nazari ke gani bai buƙatar sabuwar doka. Hukumar lafiya a matakin farko ta Jihar Kebbi za ta iya saka nisa da tsallaken ruwa cikin ma'aunin rabo, ta ware wani ɗan kaso da sunan kwamitin mazaɓa don zirga-zirga da jigilar masu naƙuda, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a duk wata uku, a kuma tanadi kujeru ga makiyaya da masunta da mata. Muddin ma'aunin ya tsaya a kan yawan waɗanda suka iso ƙofar asibiti, mazaɓu irin Bahindi za su ci gaba da karɓar kaso ƙasa da buƙatarsu.