3.2 Tarihin Narkar da Ƙarafa Masu Jure Zafi

Idan aka ce ƙarafa masu jure zafi, ana nufin irin ƙarafan da ba sa narkewa sai zafi ya kai matuƙa, kamar tungstan da tantalam da molibdinam da nayobiyam. Ƙarfen da maƙera suka saba da shi yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas, amma nayobiyam sai ya kai 2,477, tantalam 3,017, tungstan kuwa 3,422. Matsalar da masana suka daɗe suna fama da ita iri biyu ce. Ta farko, kusan duk kaskon da za a narka su a ciki yakan narke ko ya gurɓata su. Ta biyu, idan suka yi zafi sukan shanye iskar oksijin da nitirojin, wanda ke sa curin ƙarfen ya yi gautsi, ya tsage da an fara ƙira.

Wanda ya fara samo bakin zaren shi ne Werner von Bolton na kamfanin Siemens da ke Jamus. Tsakanin 1903 da 1905 ya narka tantalam da tartsatsin lantarki a cikin tukunyar da aka zuƙe iskarta, ya sami ƙarfe mai lanƙwasuwa, har aka yi zaren ƙwan lantarki da shi. Shi kuwa William Coolidge na kamfanin General Electric a Amurka, kauce wa narkarwa ya yi baki ɗaya. A 1910 ya nuna cewa idan aka danne garin tungstan, aka gasa shi, aka yi ta bugu, za a iya jan sa ya zama waya. Sai dai curin da ake samu ta wannan hanya ƙarami ne.

A shekarun 1940 aka inganta hanyar tartsatsi, inda ake narka sandar ƙarfen tana ɗiga cikin kaskon jan ƙarfe da ruwa ke sanyayawa. Da yake narkakken yana daskarewa da zarar ya taɓa jikin kaskon, ba ya ɗaukar dauɗa daga gare shi. Ta haka aka sami manyan curukan molibdinam, ana ƙara masa ɗan kabon don ya cire oksijin. Illar hanyar ita ce ƙarfen ba ya daɗewa a narke, saboda haka tacewarta ba ta da zurfi.

Hanya ta uku ita ce harbin ilektaron, wadda kamfanin Temescal na Kalifoniya ya fito da ita kasuwa a ƙarshen shekarun 1950. A nan ana zuƙe iska fiye da na tartsatsi, kuma ana iya riƙe ƙarfen a narke, har dauɗar ta tashi ta zama tururi. Amma fa tururin yakan tafi da sinadaran da aka gauraya da gangan, irin su titaniyam. Wannan ne ya sa wajen haɗa gamin C-103, mai kashi 89 na nayobiyam da 10 na hafniyam da 1 na titaniyam, akan fara tace nayobiyam da ilektaron, sannan a gauraya sauran a narka da tartsatsi. Da wannan gami aka ƙera bakin injin kumbon Apollo.

Wannan tarihi ya shafi Nijeriya, domin a shekarun 1950 ita ce kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, wato ma'adinin nayobiyam da ake samu tare da kuza a tsaunukan Jos. Sai dai ɗanyensa ake lodawa zuwa ƙasashen waje, can ake tacewa da narkarwa. Da Barazil ta fara haƙo nata a Araxá a shekarun 1960, sai kasuwar ta koma hannunta, kuma har yau ita ke riƙe da ita. A taƙaice, bayanan da suka gabata sun nuna cewa ingancin curi ya dogara ne ga hanyar da aka bi aka narka shi, kuma ribar ma'adinin tana wurin mai tanderu.