2.3 Alƙalamin Ruwa Mai Taushin Baki: Asalinsa da Dushewarsa

A fasalin da ya gabata an yi bayani a kan alƙalamin gamba wanda malaman ƙasar Hausa ke rubutu da shi a allo da takarda. A wannan fasali kuwa za a dubi wani nau'in alƙalami na Turawa, domin a nuna cewa kayan rubutu su ke tsara kamannin hannun mai rubutu.

Abin da ake nufi da alƙalami mai taushin baki shi ne wanda bakinsa ke tsage gida biyu. Idan marubuci ya danna shi yayin da yake jawo layi ƙasa, sai tsagin ya buɗe, tawada ta sauko da yawa, layin ya yi kauri. Idan ya sassauta, sai bakin ya koma ya haɗe, layin ya yi siriri kamar gashi. A nan ne ya bambanta da alƙalamin gamba, wanda kaurin layinsa ya danganta da yadda aka fiƙe shi da yadda aka riƙe shi.

Asalin wannan salo yana komawa ga gashin fiffiken dinya da Turawa suka daɗe suna rubutu da shi. A shekarun 1820 masana'antun birnin Bamingham na Ingila, irin na Joseph Gillott da John Mitchell, suka shiga ƙera bakin alƙalami na ƙarfe da yawa kuma da araha. Sai dai dole a riƙa tsoma shi cikin tawada. A shekarar 1884 Lewis Waterman na birnin Niyok ya yi rajistar wata dabara da ke daidaita saukowar tawada daga cikin alƙalamin kansa. Akasari da zinariya ake ƙera bakin irin waɗannan alƙaluma, saboda tawada ba ta cin ta, kuma tana lanƙwasa ta miƙe. Wannan ya dace da salon rubutun Spencer da ya mamaye makarantu da ofisoshin Amurka a ƙarni na 19, wanda har yau ana ganin irinsa a tambarin Coca-Cola.

Dalilai uku suka jawo dushewarsa. Na farko, tafireta ta karɓe aikin wasiƙun kasuwanci. Na biyu, takardar kabon tana bukatar a danna da ƙarfi kafin rubutu ya fito a kwafi, abin da baki mai taushi ba ya jurewa. Na uku shi ne alƙalamin da László Bíró, mutumin Hangari, ya yi wa rajista a 1938, wanda kamfanin Bic ya yaɗa irinsa daga 1950. Daga sunan wannan mutum ne Hausa ta sami kalmar "biro".

Idan aka yi la'akari da waɗannan bayanai, za a ga cewa ba rashin kyau ya kau da wannan alƙalami ba, saurin aiki da araha ne suka kau da shi. A yau masu zayyanar rubutu da masu tara tsofaffin alƙaluma ne suka fi riƙe shi. Alƙalamin gamba kuwa ya tsira a makarantun allo, domin aikin da aka yi shi dominsa bai gushe ba. Fasali na gaba zai dubi tawada da yadda ake haɗa ta.