Ƙwallon Tebur da Sulhun Ƙasashe: Ina Iyakar Tasirin Wasa?

A watan Afrilun 1971, ana tsakiyar gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Nagoya na Japan, wani ɗan wasan Amurka, Glenn Cowan, ya faɗa motar tawagar Sin. Gwarzon Sinawa Zhuang Zedong ya gaishe shi, har ya ba shi kyautar hoton siliki. Kwanaki kaɗan bayan haka Beijing ta gayyaci tawagar Amurka, Firayim Minista Zhou Enlai ya tarbe su da kansa. Watan Fabrairun 1972 Shugaba Richard Nixon ya sauka a Sin, ƙasar da Amurka ta ƙi amincewa da gwamnatinta tun 1949.

Masu sharhi da dama na kafa hujja da wannan cewa wasa na sasanta maƙiya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne an ba ƙwallon matsayin da ya fi ƙarfinta, domin ruwa ba ya tsami banza. Tun Maris 1969 sojojin Sin da na Tarayyar Sobiyet suka gwabza a kan iyakarsu ta kogin Ussuri, shugaban Sin Mao Zedong ya fara ganin Mosko ta fi Washington haɗari. Nixon kuwa yana neman mafita daga yaƙin Biyetnam. Saƙonni na ta kai-komo a asirce ta hannun shugaban Pakistan, Yahya Khan, kuma ta can wakilin Nixon, Henry Kissinger, ya sulale zuwa Beijing a Yulin 1971.

To me wasan ya ƙara? Ya ba shugabannin biyu hanyar gwada zuciyar jama'arsu ba tare da sun zubar da girma ba. Shekara ashirin kowane ɓangare na koya wa mutanensa ƙin ɗayan; ba a wayi gari kawai a ce an shirya. Da ziyarar ta jawo tsangwama, sai a ce ai 'yan wasa ne. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai bai wuce share fage ba.

Inda babu buƙatar juna, filin wasa ba ya haifar da ita. A Satumban 2008 shugaban Turkiyya Abdullah Gül ya je Yerevan kallon wasan ƙwallon ƙafa na neman gurbin kofin duniya bisa gayyatar takwaransa na Armeniya, Serzh Sargsyan. Har an sa hannu kan yarjejeniyar maido da hulɗa a Zurich a Oktoban 2009. Amma Azarbaijan, ƙawar Turkiyya, ta nuna fushinta saboda rikicin Nagorno-Karabakh da ke tsakaninta da Armeniya, ga kuma taƙaddamar kisan Armeniyawa na 1915 da ba a warware ba. Babu majalisar da ta amince da yarjejeniyar, kuma a Maris 2018 Armeniya ta soke ta.