Mai Ba da Umarni da Masu Ba Shi Umarni: Tarihin Darakta a Fim ɗin Hausa

GABATARWA

Duk wanda ya saba kallon fim ɗin Hausa ya san idan ana jero sunayen ma'aikata a farko, na mai ba da umarni ne yakan zo a ƙarshe, wato darakta. Shi ne mai karanta labari ya rarraba shi fitowa-fitowa, ya zaɓi 'yan wasa da wuraren da za a ɗauki hoto, ya nuna wa mai kyamara inda zai tsaya, sannan ya zauna da mai haɗa hoto har aiki ya kammala. Sunan yana da girma ƙwarai. Amma da na bi tarihin wannan sana'a, sai na ga ashe a kowane zamani akwai wani a bayan darakta wanda shi ma yake ba shi umarni, wato mai fitar da kuɗin aiki. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Abin da nake son in nuna ke nan a wannan ɗan taƙaitaccen bayani.

ZAMANIN MAJIGI

Turawan mulkin mallaka ne suka kafa sashen shirya fim na ƙasashen da suke mulka a 1939. Daga baya Gwamnatin Jihar Arewa ta sami nata sashen a Kaduna. Mota ce takan ɗauko na'urar haska hoto da injin lantarki, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar sarki ko hakimi, mai sharhi yana bayani da lasifika, jama'a na kallo kyauta. Wannan shi ne majigi. Fim ɗin "Baban Larai" na wajejen 1955, wanda ya ja hankalin manoma ga noman zamani, yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba.

Daraktan wannan zamani ma'aikacin gwamnati ne mai karɓar albashi a ƙarshen wata. Ba ya fargabar kasuwa, tun da ba wanda ke biyan kuɗin kallo. To, amma kuma ba shi ke zaɓen abin da zai faɗa ba. Ma'aikata ce za ta ce a yi fim a kan tsafta, ko rigakafi, ko yaƙi da jahilci, shi kuwa ya nemo labarin da zai ɗauki saƙon.

A wannan makaranta Alhaji Adamu Halilu ya taso. An haife shi a Garkida a 1936, ya koyi aikin fim a Landan, ya kuma shirya finafinan wayar da kai masu yawa. Babban aikinsa shi ne "Shaihu Umar" na 1976, wanda aka gina a kan littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Gwamnatin tarayya ce ta ɗauki nauyinsa, aka nuna shi a bikin FESTAC na 1977. Da aka kafa Hukumar Fim ta Nijeriya a 1979, shi ne ya fara shugabantar ta. Sai dai abin lura shi ne, da gwamnati ta gama bikinta, fim ɗin ya shige ma'ajiya. An daɗe ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano shi, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Balin a 2018. Wato ke nan shekara arba'in aikin gwanin darakta na kwance, don mai abin bai yi shi domin sayarwa ba.

ZAMANIN KASET

Fim irin na silima yana cin kuɗi, domin daga waje ake sayo zaren ɗaukar hoton, sau da yawa kuma can ake kai shi wanki. Da darajar naira ta faɗi daga 1986, sai abin ya gagari kowa. Sadik Ɓalewa ya yi ƙoƙari ya fitar da "Ƙasarmu Ce" a 1991, amma a lokacin hanya ta riga ta sauya.

Sabuwar hanyar ta fito ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na Kano, waɗanda suka saba kai wasanninsu gidajen talabijin. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da "Turmin Danya" a kaset ɗin bidiyo, Salisu Galadanci ne ya ba da umarni. Shi ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko da aka yi don kasuwa. Marubutan littattafan soyayya irin su Ado Ahmad Gidan Dabino suka biyo baya, suna mai da littattafansu fim. Zuwa 1999 sana'a ta kafu, har ta sami mujallu irin su "Tauraruwa" da "Fim", da kuma sunan nan Kannywood.

A nan ne darakta ya sami sabon ubangida, wato ɗan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata. Ga yadda cinikin yake: furodusa zai buga kwalayen fim ya kai wa 'yan kasuwa tare da kaset na asali, su kuwa su sayi nasu kaset su kwafa, su sa a kwali su sayar. Kuɗin furodusa yana kan yawan kwalin da ya shiga. Saboda haka tun kafin a ɗauki fitowa ɗaya, tambayar ɗan kasuwa ita ce: fuskar wa za a sa a kwali, kuma waƙa nawa ce a ciki?

Batun waƙa yana da dalili. Shekara da shekaru gidajen silima na Arewa suna nuna finafinan Indiya, kunnen jama'a ya saba. Da "Sangaya" na Aminu Muhammad Sabo ya fito a 1999, waƙoƙinsa suka cika gari, sai "Wasila" na Ishaƙ Sidi Ishaƙ ya biyo a 2000. Daga nan duk daraktan da ya kawo labari ba rawa da waƙa, da wuya ya sami mai zuba masa kuɗi. Ga ƙarancin kwanakin ɗauka, ga kyamara ɗaya, ga ɗan wasa da ake jira a wani wurin. Idan muka ga rauni a finafinan wancan lokaci, ya kamata mu tuna da halin da aka yi su a ciki kafin mu ɗora wa darakta laifi duka.

Bayan ɗan kasuwa kuma sai ga hukuma. Gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, a 2007 kuwa aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na tsawon watanni, har wasu suka kwashe kayansu zuwa Kaduna. Darakta ya zama yana kallon gabas yana kallon yamma: abin da kasuwa ke so, da abin da hukuma za ta bari ya wuce.

ZAMANIN TASHA DA WAYA

Kaset ya ba faifai wuri, satar fasaha ta ci ribar faifai, wayar hannu kuma ta ƙarasa kasuwar. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shiri mai dogon zango irin "Daɗin Kowa". A 2020 Aminu Saira ya fito da "Labarina", wasu kuma suka buɗe tashoshinsu a YouTube. Yanzu mai talla da yawan masu kallo su ne masu faɗa a ji, darakta kuwa dole ya iya tsinke labari a inda mai kallo zai ƙagu mako ya zagayo. Wani abin tarihi kuma shi ne, a 2024 aka naɗa Ali Nuhu, wanda ya taso a zamanin kaset, shugaban hukumar nan da Adamu Halilu ya fara riƙewa.

KAMMALAWA

A ganina, gwanin darakta a tarihinmu shi ne wanda ya karɓi sharaɗin mai kuɗi, amma duk da haka ya bar wa Hausawa abin da za su ga kansu a ciki. Roƙona ga wannan ƙungiya tamu shi ne mu tashi mu tattara tarihin waɗannan mutane daga bakinsu tun suna raye, mu kuma adana kaset-kaset ɗinsu. "Shaihu Umar" ya yi sa'a an gano shi. Ɗaruruwan finafinan kaset kuwa suna nan zafi da ƙura na cinsu a shaguna da ɗakuna, ba su da ma'ajiyar gwamnati. Allah ya ba mu ikon yi, amin.