Daga Madubin Likita zuwa DNA: Tarihin Gwajin Tarin Fuka

Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana wa likitoci a Berlin ƙwayar da ke haddasa tarin fuka. Tun daga nan kakin da majiyyaci ke tofarwa ya zama abin bincike. Dabarar rini ta Ziehl da Neelsen ce ta kama ƙasa: a shafa kakin a kan gilashi, a zuba jan rini, a ɗumama, a wanke da asid. Komai zai saki launi ban da ƙwayar, wadda ke fitowa a madubin likita kamar jajayen tsinkaye a filin da aka rina da shuɗi. Sai dai ba a ganinta sai ta kai dubbai a ɗan kaki kaɗan, renonta a kwalba kuma kan ci har mako takwas.

Abin da ke riƙe rinin shi ne ɓawon ƙwayar, mai kauri da maiƙo. Shi ne kuma ya zame ƙarfen ƙafa bayan Kary Mullis ya ƙirƙiro PCR a Amurka a 1983, dabarar da ke ninka ɗan guntun DNA ya koma miliyoyi. Ninkawa ba wuya, fito da DNA ɗin ne aiki. Kaki yana da yauƙi, cike yake da wasu ƙwayoyi da sinadaran da ke hana gwajin tafiya. Dole ma'aikaci ya tsinka shi da soda mai ƙarfi, ya juya shi a inji har ƙwayoyin su kwanta, ya dafa su su mutu, sannan ya girgiza su da ƙananan duwatsun gilashi har ɓawon ya fashe. Kowane buɗe kwalba haɗari ne ga huhunsa, kuma ɗigo ɗaya daga samfurin wani ya isa ya ɓata sakamako. Shi ya sa gwajin ya daɗe bai bar manyan ɗakunan bincike ba.

A Disamba 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Xpert MTB/RIF na kamfanin Cepheid. An tattara galibin wahalar cikin ƙaramin kwanson roba rufaffe: matata ta tare ƙwayoyin, girgizar sauti ta fasa su. Cikin kusan awa biyu ake sanin akwai cutar, da ko ta bijire wa maganin rifampicin. Na'urar dai tana son tsayayyiyar wuta da ɗaki mai sanyi. A 2020 hukumar ta amince da Truenat na Indiya, mai aiki da batir.