Tarihin Nazarin Garkuwar Jikin Jinjirin Ɓera

Masana sun daɗe da sanin cewa jinjiri ba ya samar da isassun sinadaran kariya na jini, waɗanda ake kira antibodi. An ɗauki wannan a matsayin rashin ƙwari kawai. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda ra'ayin ya sauya.

A shekarar 1953, Billingham da Brent da Medawar suka nuna a London cewa ɓeran da aka sanya wa ƙwayoyin wani ɓera tun yana ciki, idan ya girma yakan karɓi dashen fatar wancan ba tare da jikinsa ya ƙi ta ba. Wannan aiki ya kai Medawar ga kyautar Nobel a 1960, tare da Burnet. A fahimtar wancan zamani, ƙwayoyin da za su yi yaƙin ne ake kawarwa tun da wuri.

A 1970, Gershon da Kondo na Jami'ar Yale suka kawo wata fassarar: akwai ƙwayoyin T, wato masu tasowa daga taimus, gaɓar da ke bayan ƙashin ƙirji, waɗanda aikinsu shi ne danne sauran. A 1975, Mosier da Johnson suka gauraya ƙwayoyin saifar jinjirin ɓera da na baligi, sai antibodin da na baligin ke samarwa ya ragu. Ashe lamarin ya wuce gazawa. Akwai mai riƙe linzami.

Sai dai kuma a farkon shekarun 1980, binciken ƙwayoyin gado ya kasa gano I-J, alamar da aka dogara da ita wajen tantance “masu dannewa”, a gurbin da aka ce tana nan. Manazarta suka juya wa fannin baya, har sunan ya zama abin gudu.

Amma wata tsohuwar hujja ba ta gushe ba. Tun 1969 Nishizuka da Sakakura suka gano a Japan cewa cire taimus a kwana na uku da haihuwa yakan lalata kwan macen ɓera, abin da daga baya aka tabbatar aikin garkuwar jikinta ne. Daga nan Sakaguchi ya ɗora, ya tantance ƙwayoyin da ke hana irin wannan ɓarna da alamar CD25 a 1995. Aka raɗa musu sabon suna, “masu daidaitawa”, ya kuma sami Nobel a 2025 tare da Brunkow da Ramsdell.

A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe: hujja ce ta farfaɗo da ra'ayin, amma sai da ya sake suna kafin ya sami shiga.